Yaƙin Satiru: Yadda Tura Ta Kai Bango A Shekarar 1906

Mutumin Alelu da ya shiga mota a tashar Jega zai tafi Sakkwato, hanya za ta bi da shi ta Aliero, da Tambuwal, da Shagari, da Boɗinga. Idan ya iso Boɗinga ya dubi gabas, can wajen Danchadi da Dange, akwai wani kufai. Sunan wurin Satiru. Kimanin mil 14 ne tsakaninsa da birnin Sakkwato.

A da, Satiru gari ne mai dubban mutane. Yawancinsu talakawa ne: manoma, da malamai, da almajirai, da bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. A shekarar 1906 mutanen wannan gari suka tashi suka yaƙi Turawan Ingila. A karon farko suka ci Turawa. A karo na biyu aka hallaka su, aka rushe garin.

Me zai sa manomi ya ɗauki fartanya da gatari ya tunkari mai bindiga? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yaƙin Satiru bai faɗo daga sama ba. Koke-koke ne suka yi ta taruwa, babu mai saurare, har tura ta kai bango. Ga yadda abin ya faru.

Yadda Turawa Suka Ci Ƙasa

Turawan Ingila sun fara shigowa ne da sunan ciniki. Kamfaninsu yana saye da sayarwa a bakin kogin Kwara. A shekarar 1897 sojojin kamfanin suka yaƙi Bida da Ilori. Waɗannan ƙasashe biyu a ƙarƙashin Gwandu suke a wancan zamani, kuma nan suke aiko da gaisuwa.

Ranar 1 ga Janairu, 1900, aka yi taro a Lakwaja. Wani Bature mai suna Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya kafa tutar Ingila. Ya ce daga ranar ƙasar Arewa ta shiga hannun Ingila. Ba a shawarci Sarkin Musulmi ba, ba a shawarci Sarkin Gwandu ba, balle talaka.

Daga nan sai suka bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya. A 1901 suka ci Kwantagora da Bida da Yola. A 1902 suka shiga Bauci da Zariya. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Kano ta faɗi. Ranar 15 ga Maris, 1903, aka gwabza a filin Giginya, a bayan birnin Sakkwato. Masu dawaki da masu da takubba suka kasa jure wa igwa da bindiga mai ruwa. Kafin rana ta take, Sakkwato ta faɗi. Gwandu kuwa ta shiga hannunsu ba tare da wani babban yaƙi ba.

Bayan 'yan kwanaki Lugga ya iso Sakkwato. Ranar 21 ga Maris aka naɗa sabon Sarkin Musulmi, Muhammadu Attahiru na biyu. Lugga ya yi jawabi aka fassara wa jama'a. Ya ce ba za a hana kowa addininsa ba. Amma ya ce tun da da yaƙi suka ci ƙasa, to ikon ƙasa ya koma hannunsu. Su ke da ikon sa haraji. Su ke da ikon naɗa sarki, su ke da ikon tuɓe shi.

Masu Hijira Da Masu Zama

Da Sakkwato ta faɗi, kan manya ya rabu biyu.

Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara. Ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Duk garin da ya ratsa, sai mutane su bar gonaki da gidaje su bi shi. Turawa suka tsorata da yawan masu binsa, suka bi sawunsa. Ranar 27 ga Yuli, 1903, aka yi yaƙi a Burmi, cikin ƙasar Gwambe. Attahiru ya yi shahada tare da mutane fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har ƙasar Sudan. Har yau akwai gari mai suna Mai Wurno a can.

Waziri Buhari da wasu malamai suka zaɓi zama. Hujjarsu ita ce, idan duk shugabanni suka watse, babu mai tsare wa jama'a salla da shari'a. Suka ce za a bi Turawa a sha'anin duniya, a riƙe addini.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Amma talakan da ya zauna a ƙauye, shi ne ya fara jin nauyin sabon mulki a wuyansa.

Abubuwan Da Suka Ɓata Wa Jama'a Rai

Na farko shi ne haraji. Kafin zuwan Turawa, babban abin da manomi Musulmi yake fitarwa a ƙasar Sakkwato shi ne zakka. Fada tana samun yawancin abin da take buƙata daga gaisuwar da manyan sarakuna ke aikowa. Kano da Katsina da Zazzau suna aika wa Sakkwato. Nufe da Ilori suna aika wa Gwandu. Da Turawa suka zo, sai suka yanke wannan gaisuwa. Suka ce kowane sarki ya tara haraji daga talakawan ƙasarsa, a raba da gwamnati. Ashe nauyin da ake ɗaukowa daga nesa ya dawo kan manomin gida. Ga shi kuma mutane da yawa suna ganin bai halatta Musulmi ya biya Nasara haraji ba.

Na biyu shi ne kuɗin fito. Turawa suka kafa wuraren tsare fatake a kan manyan hanyoyi. Duk lardin da falke ya ratsa, sai ya biya kashi 5 cikin ɗari na kuɗin kayansa, har ya kai kashi 15. Masu jiragen ruwa su ma aka ɗora musu nasu. Gari kamar Jega, wanda kasuwarsa ta yi suna tun zamanin da saboda fataken goro da gishiri da kanwa da tufafi, irin wannan doka ta shafe shi kai tsaye. Sai a 1907 aka soke kuɗin fiton, bayan an riga an yi yaƙin Satiru.

Na uku shi ne aikin tilas. Turawa suna buƙatar masu ɗaukar kaya, da masu gina bariki, da masu share hanya, da masu kafa turakun wayar tangaraho. Suna buƙatar hatsi da ciyawar dawaki. Ta hannun hakimi da dagaci ake neman duk waɗannan. Idan aka ɗauke magidanci daga gonarsa, iyalinsa ne za su ji a jika.

Na huɗu shi ne maganar bauta. Turawa sun hana kama bayi, sun rufe kasuwannin bayi. Sun ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne. Amma ba su 'yanta bayin da ke hannu ba. Suna tsoron kada noma ya tsaya, kada kuma sarakuna su juya musu baya. Aka ce bawan da ke son 'yanci ya fanshi kansa a gaban alƙali. Bayi da yawa suka ji labarin wai an hana bauta, suka duba suka ga har yanzu suna gandun ubangijinsu. Sai suka riƙa gudu. Sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Na biyar shi ne rashin wurin kai kuka. A da, in hakimi ya yi zalunci, akan kai ƙara gaba. Yanzu kuwa sarki da kansa yana ƙarƙashin Razdan. In ya ƙi tara haraji, a tuɓe shi. Talaka ya duba sama ya ga wanda zai kai wa kuka shi ne aka aiko ya karɓi kuɗin. Wannan shi ya fi komai ciwo.

Satiru Da Maganar Mahadi

A wannan hali ne Satiru ta yi suna. Malamai ne suka kafa ta, ba 'ya'yan sarauta ba. Mutanen garin ba sa son biyan haraji. Bawan da ya gudo ya shiga Satiru, ba a mayar da shi. Saboda haka duk wanda duniya ta yi wa zafi sai ya nufi can.

Akwai kuma wani abu da ke zukatan mutane a lokacin, wato jiran bayyanar Mahadi. An daɗe ana karantawa cewa a ƙarshen zamani zalunci zai cika duniya, sa'an nan Mahadi ya bayyana ya cika ta da adalci. A ƙasar Sudan wani malami, Muhammadu Ahmad, ya ce shi ne Mahadi a 1881, har mutanensa suka ci birnin Hartum a 1885. Alhazai da fatake suka kawo labarin ƙasar Hausa. Da Nasara suka ci Sakkwato, sai mutane da yawa suka ce lallai ƙarshen zamani ya zo.

A 1904 mai garin Satiru, Malam Maikaho, ya ce shi ne Mahadi. Malaman Sakkwato ba su yarda da wannan da'awa ba. Aka kama shi, ya rasu a tsare a Sakkwato. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. An kama mutum ɗaya, amma ba a taɓa ko ɗaya daga cikin koke-koken jama'a ba. An yayyafa wa wuta toka ne kawai.

Baƙo Daga Ƙasar Faransa

A can yamma, a ƙasar Dosso da ke hannun Turawan Faransa, talakawa suna shan irin wannan wahala, ko ma fiye. Wani malami makaho, Bazabarme, mai suna Shu'aibu, ya yi ta wa'azi a kan kada a biya Faransa haraji. A ƙarshen 1905 mutanensa suka yi tawaye a wani ƙauye mai suna Kobkitanda. A watan Janairu na 1906 sojojin Faransa suka far musu, tare da taimakon sarkin Dosso. An kashe hafsan Faransa guda a wannan karo, amma an ci ƙauyen.

Malam Shu'aibu ya tsere ya yi gabas, ya ƙetare iyaka, ya iso Satiru. A nan aka san shi da suna Ɗan Makaho. Ya haɗu da Malam Isa, bakinsu ya zo ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla, suka ce lokaci ya yi.

Abin baƙin ciki, jinin farko da aka zubar ba na Bature ba ne. Ranar 13 ga Fabrairu, 1906, mutanen Satiru suka far wa maƙwabtansu na ƙauyen Tsomau, don sun ƙi binsu. Suka kashe fiye da mutum goma. Wannan kuskure ya sa maƙwabta da yawa suka ji tsoronsu maimakon su goyi bayansu.

Karon Farko

Labari ya isa Sakkwato. Razdan Manjo Burdon ya riga ya kama hanya zai tafi hutu. Wanda ya riƙe masa, Mista Hillary, ya ɗauki abin da wasa. Washegari, ranar 14 ga Fabrairu, ya tashi da sojan doki wajen 70 da wasu Turawa. Yana tsammanin da ganinsa kowa zai watse.

Da suka kusa gari, Hillary ya yi gaba don ya yi magana da mutane. Hafsan sojan ya ga jama'a sun fito da yawa, ya matsa da sojoji don ya kare shi. Kafin sojoji su gama jeruwa, mutanen Satiru suka auka musu da fartanyu da gatura da masu da kibau. Dawaki suka firgita, sahu ya wargaje. Aka kashe Hillary da wasu Turawa biyu, da sojoji baƙar fata 25. Mutanen Satiru suka kwashe bindigogi, har da bindiga mai ruwa guda.

Tun da Turawa suka kafa tuta a Lakwaja ba a taɓa yi musu irin wannan kaye ba. Abin da dakarun Kano da na Sakkwato suka kasa yi, ga shi manoma sun yi. Sai dai Malam Isa ya sami rauni a wannan karo, kuma raunin ne ya zama ajalinsa. Ragama ta koma hannun Ɗan Makaho.

Kwana 24 Na Zaman Ɗar-ɗar

Aka buga wa Lugga waya a Zungeru, hedkwatarsa. Hankalinsa ya tashi, domin yawancin sojojinsa suna can ƙasar Tibi, a bakin kogin Binuwai, suna wani yaƙin. Turawan da suka rage a Sakkwato ba su taka kara sun karya ba. Da a ce manyan sarakuna sun tashi a wannan lokaci, da mulkin Turawa ya shiga babban haɗari.

Amma ba su tashi ba. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya tsaya tare da Turawa. Yawancin sarakuna suka aiko da saƙon goyon baya. Dalilansu a fili suke. Sun ga abin da igwa ta yi a Giginya da Burmi. Malamansu ba su yarda da da'awar Mahadin Satiru ba. Sa'an nan kuma tawayen Satiru ba Turawa kaɗai ya nufa ba. Ya nufi masu sarauta da masu gandaye, tun da bayinsu ne ke gudu can. A cikin waɗannan kwanaki mutanen Satiru sun kai wa garuruwan da ke kewaye hari, har da Danchadi.

Haka aka zauna kwana 24. Satiru tana jiran sauran ƙasa ta tashi. Turawa kuwa suna tattaro sojoji daga ko'ina.

Karo Na Biyu

Ranar 10 ga Maris, 1906, sojoji fiye da 500 suka iso Satiru ƙarƙashin Manjo Goodwin, da igwa da bindigogi masu ruwa. Tare da su akwai mayaƙan Sakkwato. Wannan karon sojoji sun jeru tun daga nesa.

Mutanen Satiru suka fito suka tunkare su kamar yadda suka yi a farko. Aka buɗe musu wuta. Suka sāke tasowa, aka sāke buɗe musu wuta. Da suka juya, masu dawaki suka bi su cikin daji. An ƙiyasta cewa mutum wajen 2,000 suka mutu. Mata da yara kimanin 3,000 aka kora zuwa Sakkwato, aka rarraba su gidaje.

Aka kama Ɗan Makaho da wasu manyan tawayen. Aka yi musu shari'a a Sakkwato, aka kashe su a kasuwa. Aka ƙone garin, aka rushe shi. Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sāke gini ko noma a wurin. Shi ya sa Satiru ta zama kufai.

Ko a Ingila, kisan ya tayar da hankalin wasu. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka, ya rubuta rashin jin daɗinsa a kan yadda aka karkashe mutanen da ba su da makaman kirki. Amma ba a hukunta kowa ba.

Abin Da Ya Biyo Baya

Ƙurar Satiru ta iso ƙasar Gwandu. Turawa suka zargi Sarkin Gwandu Muhammadu da cewa zuciyarsa tana tare da 'yan tawaye. Suka tuɓe shi a 1906, suka naɗa Haliru Abdu. A shekarar ce kuma suka tuɓe Sarkin Katsina Yero, Muhammadu Dikko ya hau. A watan Afrilu suka kai wa Haɗejiya yaƙi, Sarkin Haɗejiya Muhammadu ya yi shahada tare da manyan dakarunsa. Sarkin Musulmi kuwa aka ba shi lambar girma ta Ingila.

Turawa sun koyi darasi. Sun gane cewa su 'yan kaɗan ne, ba za su iya riƙe ƙasa ba sai da sarakuna. Daga nan suka ƙara ƙarfafa mulki ta hannun sarakuna, wanda daga baya aka sani da mulkin En'e. Haraji da jangali suka zauna daram. Talaka ya haɗiye kukansa, amma kukan bai mutu ba.

Me Ya Sa Wasu Suka Ci Nasara?

Ba ƙasar Hausa kaɗai Ingila ta mallaka ba. Amurka ma, wadda ake jin ƙarfinta a yau, ta taɓa zama ƙarƙashin Ingila. Abin mamaki, rigimarsu ita ma daga haraji ta faro.

A 1765 majalisar Ingila ta ɗora wa mutanen Amurka haraji a kan takardu. Daga baya aka ɗora a kan wasu kaya, har da ganyen shayi. Mutanen suka ce ba za su biya harajin da aka yanka a majalisar da ba su da wakili a cikinta ba. Suka rubuta koke, ba a biya musu buƙata ba. Suka daina sayen kayan Ingila. A 1773 wasu suka hau jiragen ruwa a garin Boston suka zubar da ganyen shayi cikin teku. Ingila ta rufe tashar jiragen garin don horo. A 1775 yaƙi ya ɓarke. Ranar 4 ga Yuli, 1776, suka yi shelar 'yancin kai. A 1783 Ingila ta haƙura ta sa hannu.

Mafarin iri ɗaya ne da na Satiru: haraji, da rashin wurin kai kuka, da horo maimakon saurare. To, me ya bambanta ƙarshen?

Na ɗaya, haɗin kai. Yankuna 13 na Amurka suka aika wakilai wuri guda suka yi shawara. Attajirai da manoma da lauyoyi da yawa suka tsaya a sahu ɗaya. Satiru kuwa gari guda ne, kuma manyan ƙasa suna ɗaya ɓangaren. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, makamai. Bindigar ɗan Amurka irin ta sojan Ingila ce. Mutumin Satiru kuwa fartanya ya riƙe.

Na uku, taimako daga waje. Faransa ta taimaki Amurka da sojoji da jiragen yaƙi da kuɗi, don tana gaba da Ingila a lokacin. A 1906 kuwa, Faransa da Ingila bakinsu ɗaya a kan murƙushe tawaye a wannan yanki.

Na huɗu, shiri da yaɗa labari. Mutanen Amurka sun yi shekara goma suna buga jaridu da ƙananan littattafai, suna bayyana wa juna abin da suke nema. Kafin a harba bindiga, mutumin wani yanki ya san kukan na wani yanki. Kukan Satiru kuwa bai isa garuruwa masu nisa ba sai bayan an fara zubar da jini.

Yadda 'Yanci Ya Samu

Nijeriya ba ta sami 'yancin kai da yaƙi ba. Jikokin mutanen wancan zamani sun ɗauki koke-koken nan dai, amma suka bi da su ta wata hanya.

A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, kuma Malam Abubakar Imam ya daɗe yana shirya ta. Mutane suka fara rubuto wasiƙu suna faɗin abin da ke damunsu. Malam Sa'adu Zungur ya yi ta faɗakarwa da alƙalami. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Ranar 8 ga Agusta na shekarar aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, tana neman sawaba ga talaka. Jam'iyyar NPC ta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ita ma ta tsaya da ƙafarta. A shekarun 1950 aka buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci a ƙauyuka, aka riƙa buga wa sababbin masu karatu ƙananan jaridu. Ta lardin Sakkwato sunanta Zaruma.

Wannan hanya ma ba ta rasa wahala ba. An ɗaure mutane, an yi wa wasu bulala, an kori wasu daga garuruwansu saboda siyasa. Amma a wannan karo Arewa da Kudu duk suna neman abu guda, ko da yake sun sha bamban a kan lokacin da ya dace. Ingila kuma ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu a gajiye. Aka yi ta zaman shawara a Landan da Ikko.

Ranar 15 ga Maris, 1959, Jihar Arewa ta sami mulkin kai. Mai karatu ya lura da wannan rana. Ita ce ranar da Sakkwato ta faɗi a Giginya, shekara 56 cif da suka wuce. Ranar 1 ga Oktoba, 1960, aka sauke tutar Ingila, Nijeriya ta zama ƙasa mai 'yancin kanta.

Abin Lura

Mutanen Satiru sun yi kurakurai. Sun bi da'awar da malaman zamaninsu ba su yarda da ita ba, sun kuma zubar da jinin maƙwabtansu. Amma kukansu na gaskiya ne. Harajin da aka ɗora musu ba da shawararsu ba, da aikin tilas, da bauta, duk abubuwa ne da daga baya aka yarda cewa zalunci ne.

Akwai darasi ga shugabanni. Kama mai kuka ba ya kashe kuka. An tsare Malam Maikaho a 1904, bayan shekara biyu abin ya dawo ya fi na da muni.

Akwai darasi ga talakawa kuma. A yau manomin albasa a Aliero, da ɗan kasuwa a Jega, da makiyayi a Maiyama, suna da abin da mutumin Satiru bai samu ba. Suna da kansila da ɗan majalisa da za su tambaya. Suna da kotu, suna da ƙungiyoyin manoma, suna da ƙuri'a. Sai dai waɗannan abubuwa sun fi amfani ga wanda zai iya karanta rasit ɗin da aka ba shi, ya rubuta kokensa da hannunsa, ya san abin da ya sa wa hannu.

Dattawan da suka ji labarin Satiru daga bakin kakanninsu suna ƙarewa. Duk ɗan aji da ke da irin wannan dattijo a gida ko a unguwa, ya kamata ya zauna da shi, ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ya ji, ya kai wa malamin ajinsu a karanta wa kowa.